Gadar da Ake Ɗagawa Kamar Jigo: Tafiyata Zuwa Amsterdam

Shekara 22 ke nan ina koyar da aikin katako a wata kwalejin koyon sana'a da ke Kano, kuma a tsawon wannan lokaci akwai hoto guda da nake nuna wa ɗalibai duk sa'ad da muka zo darasin rinjayen nauyi. Hoton wata farar gada ce ta katako a birnin Amsterdam na ƙasar Holan, wadda tsakiyarta ke rabewa biyu, kowane ɓari ya ɗaga sama domin jirgin ruwa ya wuce. Daga wata tsohuwar kalanda na yanko shi, har ya koɗe saboda yawan wucewa daga hannu zuwa hannu. Ban taɓa sa rai zan taka gadar da ƙafata ba, sai da Allah ya azurta ɗan ƙanwata, wanda ke aiki a can, da samun ɗa namiji, ya aiko mini da takardar gayyata, ya ce tun da mahaifinsa ya rasu ni ne zan je in wakilci dangi, in sa wa jariri albarka.

Neman biza ya ci mini kusan wata guda. Kuɗinta Yuro 90 ne ban da ladan ofishin da ke karɓar takardu, sannan dole mutum ya yanki inshorar lafiya da za ta iya ɗaukar nauyin jinya har Yuro 30,000, ya kuma nuna bayanan asusunsa na banki da shaidar cewa yana da aikin da zai dawo masa. A lokacin Yuro ɗaya yana kusan naira 1,800, don haka kowane lissafi da na yi sai da gabana ya faɗi. Na bar Kano a ƙarshen watan Satumban 2024, na bi jirgin safe zuwa Legas, na yini a can, sannan da dare muka tashi. Dattawanmu suna tuna zamanin da jirgin KLM ke sauka a Kano kai tsaye, abin da ya tsaya tun 2012, shi ya sa yanzu sai an yi wannan zagaye. Tafiyar sama ba ta kai awa bakwai ba, kuma yawancinta barci na yi.

Gari bai gama wayewa ba muka sauka a filin jirgin Schiphol. Jami'in kan iyaka ya juya fasfona, ya tambaye ni wurin wa na zo, kwana nawa zan yi, ina tikitin komawata, na miƙa masa takardar gayyata, ya karanta a natse, ya buga hatimi. A wajen kwastan aka buɗe jakata, domin ƙanwata ta cika ta da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yajin jego. Matar da ke binciken ta tambayi ko akwai nama ko madara, na ce babu, saboda tun a gida an gargaɗe ni cewa dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da su, dalilin da ya sa kilishin da aka saya aka bar wa yara. Ta ɗaga ƙullin daddawa ta tambayi mene ne, na bayyana mata cewa 'ya'yan itace ne da aka sarrafa domin miya, ta mayar ta rufe jakar. A bakin ƙofa ɗan ƙanwata ya tare ni riƙe da wata rigar sanyi mai kauri, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Kawu, sannu da hanya. Ka sa wannan tukuna, sanyin nan ba irin na hunturunmu ba ne, shi da ruwa yake tafe." A cikin jirgin ƙasa ya gaya mini cewa filin da muka sauka yana ƙasa da teku da kimanin mita uku, kuma tafki ne a da, aka janye ruwansa. Na yi shiru ina kallon filayen da ke shimfiɗe kamar faifai, kowanne da 'yar hanyar ruwa a gefensa.

A unguwar Bijlmer da ke kudu maso gabashin birnin suke zaune, cikin wani dogon bene, ɗaki biyu da falo, kuma kuɗin hayar da suke biya a wata ya fi abin da nake samu a wata shida. Unguwa ce ta baƙi: mutanen Suriname ta Kudancin Amurka, da 'yan Gana masu yawan gaske, da 'yan Najeriya, da wasu daga wurare daban-daban. Kwana biyu na farko na yi su ne a gida ana karɓar masu barka. Ranar Juma'a muka yi salla a masallacin Taibah, wanda Musulmin Suriname suka gina, kuma da muka fito wani dattijo ya ji muna magana, ya matso ya yi sallama da Hausa irin ta zango, ya ce shi haifaffen Kumasi ne, shekararsa ta talatin ke nan a Holan. Shi ya ja mu wani ɗan shagon abinci na 'yan Gana inda na ci shinkafa da wake irin tasu, wadda suke kira waakye, sunan da ya samo asali daga kalmarmu ta wake. Faranti ɗaya Yuro 12 ne, amma ya ƙi bari mu biya, ya ce, "Malam, baƙon da ya zo daga Kano ba ya sa hannu a aljihu a gabana."

A rana ta huɗu muka nufi gadar. Mun shiga jirgin cikin gari da suke kira metro, wanda ake biya ta hanyar dangwala katin banki a ƙofar shiga da ta fita, muka sauka a tashar Waterlooplein. Fitowata ke da wuya na ci karo da darasin farko na birnin: na taka wani jan sashe na titi ina tsammanin hanyar masu ƙafa ce, sai na ji ƙararrawa a bayana, ɗan ƙanwata ya fizgo hannuna, wata mata ta shige a guje bisa keke da yara biyu a cikin akwatin da ke gabanta. Jan sashen na kekuna ne, kuma masu su ba sa rage gudu. Tun daga nan na koyi duba ƙasa kafin in duba sama.

Kafin mu isa bakin ruwa ya bi da ni ta cikin ginin majalisar birnin, wanda ke haɗe da gidan waƙe-waƙen opera, domin ya nuna mini wani abu da ya san zai ja hankalina. A wani zaure akwai dogayen bututun gilashi masu ruwa a ciki, biyu suna nuna tsayin ruwan teku a gaɓar ƙasar a daidai wannan lokaci, na uku kuma yana nuna inda ruwa ya kai a ambaliyar 1953, wadda ta kashe mutum 1,836 a Holan. Alamar ta yi sama da kaina nesa ba kusa ba. A ƙasan zauren akwai wata ƙusar tagulla da ke nuna ma'aunin da ake kira NAP, wato tsayin ruwan Amsterdam da aka ɗauka a matsayin sifiri, wanda asalinsa awon da magajin gari Johannes Hudde ya sa aka riƙa yi kullum a 1683 da 1684. Da wannan ma'auni ake auna tsayin ƙasa da gine-gine a Holan har yau. Sai da na ga wannan na fahimci cewa a garin nan ruwa ne babba, kuma gina gada ma sai an bi ra'ayinsa.

Daga kan gadar Blauwbrug, wadda ta dutse ce da aka gina wajen 1883, na fara hango ta. Can gaba a kan kogin Amstel, fara fat a ƙarƙashin sararin da ya yi toka-toka, da firam biyu tsaye a tsakiyarta kamar ƙofofin gari. Sunan birnin kansa daga wannan kogi ya fito, domin madatsa aka yi a kan Amstel, ƙauyen masunta ya kafu a gefenta, kuma takarda mafi tsufa da ta ambace shi ta 1275 ce. A cikin gari an gina wa kogin katanga dama da hagu, an sa masa ƙofofin ruwa, har ya zama ba shi da bambanci da manyan hanyoyin ruwa da aka haƙa da hannu, waɗanda suke kira gracht. Uku mafiya girma, Herengracht da Keizersgracht da Prinsengracht, an fara haƙa su a 1613, suka zagaye tsohon gari kamar yadda gwalalo ke zagaye ganuwa, kuma dukkansu suna ratsa Amstel a wannan yanki. Hukumar UNESCO ta sanya su cikin kayan tarihin duniya a 2010. Muka bi gaɓar yamma, muka ƙetare bakin biyu daga cikinsu, muka iso inda titin Kerkstraat ya ƙare a bakin ruwa.

Sunanta Magere Brug, ma'ana siririyar gada. Masu yi wa baƙi jagora suna ba da labarin wasu 'yan'uwa mata biyu da ke zaune a gaɓa daban-daban, waɗanda suka sa aka gina ta domin su riƙa ziyartar juna, amma wannan tatsuniya ce. Abin da ya faru shi ne, an so a gina faffaɗar gadar dutse a nan, sai yaƙin 1672 ya karya tattalin arzikin birnin, aka dawo aka yi ta katako a 1691, mai ƙunci ƙwarai har mutum biyu da ƙyar suke wuce juna. A 1871 aka rushe ta aka yi wata mai faɗi, mai baki tara. Da wannan ma ta tsufa, wani fitaccen mai zanen gadoji na birnin, Piet Kramer, ya kawo zanen gadar ƙarfe da dutse, amma hukuma ta zaɓi a sake ta katako a kan siffar da mutane suka sani, aka kammala a 1934. An yi mata babban gyara a 1969, an ci gaba da ɗaga ta da hannu har 1994, kuma tun 2003 masu ƙafa da masu keke kaɗai ke hawanta.

Na daɗe tsaye a ƙarƙashin firam ɗin farko ina ɗaga kai, har wuyana ya ƙage. Shekaru ina bayyana wa ɗalibai wannan hoto da kalmomin littafi, sai a ranar na ga cewa abin da ke gabana jigo ne, irin wanda na taso ina gani a lambunan fadama. Ginshiƙai biyu ne tsaye da azara a kansu, kamar turakun jigo. A bisa azarar an ɗora wasu dogayen katakai biyu da ke iya rinjaya gaba ko baya, bakinsu na gaba yana riƙe da daɓen gadar ta hanyar sarƙoƙi kamar yadda igiya ke riƙe da guga, bakinsu na baya kuma yana ɗauke da nauyi, daidai da curin laka da manomi ke ɗaurawa a gindin sanda. Da yake nauyin baya ya kusan daidaita da na daɓen, ƙarfi kaɗan ake buƙata a rinjayar da shi, shi ya sa mutum ɗaya ko biyu suka iya ɗaga ta da sarƙa tsawon zamani. Jigo biyu ne suka fuskanci juna, bakunansu suka haɗu a tsakiyar kogi. Na shafa ginshiƙin, na duba inda aka haɗa katako da katako, na ga an fafe kowace mahaɗa yadda ruwan sama ba zai kwanta ba, an rufe kawunan katakai, an sa manyan notuna inda za a iya kwance su a musanya ɓari ɗaya ba tare da an taɓa sauran ba. Fentin ya yi kauri, shafi a kan shafi. Mutanen Holan suna yawan amfani da katakon azobe a gadoji da ƙofofin ruwa saboda taurinsa da jure danshi, kuma shi ake ambata a aikin wannan gada. Itace ne na dazukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, irin su Kamaru da kudancin Najeriya, inda 'yan katako ke kiransa ekki, kuma ɗan'uwa ne na namijin kaɗanya da muke da shi a dajinmu. Na ji wani abu a raina da na tuna cewa itacen yankinmu ne ke ɗauke da ƙafafun mutanen wannan birni.

Yawancin jiragen 'yan yawon buɗe ido gajeru ne, suna shigewa ta ƙarƙashi ba tare da an ɗaga komai ba, don haka sai da muka jira fiye da rabin awa cikin yayyafi. Can sai ƙararrawa ta kaɗa, aka rufe hanya ta kowane gefe, wani jirgi mai dogon ƙarfe a tsakiyarsa ya tunkaro daga kudu. Katakan sama suka sunkuyar da gindinsu a hankali, daɓen ya rabu, ɓarin biyu suka miƙe, ruwan da ya kwanta a kansu yana tsiyaya. Babu wani ƙara sai ɗan kukan sarƙa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mutanen da aka tsayar. Masu keken nan da suka kusa bi ta kaina ɗazu, ga su sun taru wajen arba'in, kowa ya sauke ƙafa ɗaya ƙasa, wani yana cin burodi, wata tana gyara wa ɗanta hula, babu wanda ya yi tsaki ko ya nemi kutsawa ta ƙarƙashin shinge. Minti biyar ko shida aka yi, jirgin ya wuce, gadar ta sauko, bakunan biyu suka haɗu daidai wa daida, aka ci gaba da tafiya.

A nan muka haɗu da wani tsoho da ke zaune a ɗaya daga cikin jiragen da aka mayar gidaje a bakin kogin, irin waɗanda birnin ke da kimanin 2,500. Ya ga ina zane a littafina, ya matso ya tambayi ko ni injiniya ne, na ce kafinta ne mai koyarwa. Ya ce yana yaro ya sha ganin masu gadin gadar suna jan sarƙa, wani lokaci su taka daɓen da gudu domin nauyinsu ya taimaka ya sauka. Na ce masa na zo ganin tsohuwar gada, sai na tarar mahaifina ya girme ta. Ya girgiza kai ya ce katakon ne sabo, gadar tsohuwa ce. Wannan magana ta zauna mini, domin ita ce gaskiyar ginin ƙasa a wurinmu. Ganuwar Kano, wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, ba ƙasar farko ce ta riƙe ta ɗaruruwan shekaru ba, yaɓen da ake yi mata bayan damina ne. Ranar da aka daina yaɓe aka fara rasa ta, aka riƙa ɗibar ƙasarta ana gini, aka cike kududdufan da ke karɓar ruwan sama, wasu ƙofofin kuma aka rushe domin faɗaɗa titi aka maye gurbinsu da siminti. Mutanen Amsterdam sun fuskanci irin wannan zaɓi a 1934, ga ƙarfe ga dutse a hannunsu, suka zaɓi abin da zai riƙa neman fenti da kafinta har abada. A ganina sun yi daidai, ko da yake na san kuɗin da hakan ke ci ba kaɗan ba ne.

Ba ina nufin komai nasu lafiya yake ba. Garin gaba ɗaya a kan taɓo yake, an kafa shi bisa turakun katako da aka buga har suka tarar da rairayi a zurfin kusan mita 12, kuma tsohon ginin majalisar birni da ke dandalin Dam, wanda yanzu fadar sarki ce, yana kan turaku 13,659. Katako ba ya ruɓewa muddin yana nutse cikin ruwa, amma da zarar ruwan ƙasa ya ja baya iska ta same shi, sai ya fara lalacewa, shi ya sa za ka ga gidaje a bakin Amstel sun karkace sun jingina da juna. A watan Satumban 2020 wata katangar gaɓa ta rufta cikin ruwa a Grimburgwal da ke tsakiyar gari, kuma yanzu birnin yana cikin aikin bincike da sabunta gadoji fiye da 800 da katangun gaɓa kimanin kilomita 200. A wurare da dama na ga an tokare katanga da ƙarafa, an hana manyan motoci bi.

Yammacin gadar unguwar masu hali ce. Gidajen sirara ne dogaye, kowanne da ƙugiya a can saman goshinsa domin jan kaya ta taga, saboda matakalar ciki ba ta ɗaukar gado ko kabad. Muka bi Kerkstraat muka ɓulla titin Utrechtsestraat mai shaguna, inda na sha shayi da wani waina-waina mai narkakken sukari a tsakiya da suke kira stroopwafel, aka ce Yuro 7, kuma shagon ba ya karɓar tsabar kuɗi sai kati. Kusa da nan akwai filin Amstelveld da cocin katako mai suna Amstelkerk, wanda aka gina tsakanin 1668 da 1670 a matsayin na wucin gadi kafin a yi na dutse. Na dutsen bai taɓa samuwa ba, na katakon kuma yana nan fiye da shekara 350, kuma a cikinsa ne ofishin Stadsherstel yake, wani kamfani da aka kafa a 1956 domin sayen tsofaffin gidajen da suka lalace a gyara su a ba da haya. Da muka ƙarasa Herengracht, ɗan ƙanwata ya tsayar da ni a gaban gida mai lamba 502, gidan da magajin garin Amsterdam ke zama. An gina shi ne domin Paulus Godin, ɗaya daga cikin shugabannin kamfanin Holan da ya yi fataucin bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma zuwa Amurka, kuma akwai allo a bakin gidan da ke faɗar haka. Mutanen Holan sun karɓe sansanin Elmina da ke Gana ta yau a 1637, suka riƙe shi har 1872. Magajiyar gari Femke Halsema ta nemi gafara a madadin birnin a 2021, Sarki Willem-Alexander ma ya nema a 2023. Na kalli kyawun gidajen da ke jere a bakin ruwa, na kuma san cewa wani kaso na dukiyar da ta gina su daga jikin mutanenmu ya fito.

Bayan kwana biyu na koma ni kaɗai, na ƙetare gadar zuwa gabas. Dama da ita akwai gidan wasa na Carré, wanda aka buɗe a 1887 domin wasan dawaki da dabbobi, a gabansa kuma ƙofofin ruwa na Amstel da aka yi tun 1674 domin sarrafa ruwan da ke wanke hanyoyin cikin gari. A nan ake yin babban taron kiɗa a kan ruwa kowace ranar 5 ga Mayu, ranar tunawa da 'yantar da ƙasar daga mamayar Jamus. Na juya hagu na shiga Nieuwe Keizersgracht, titi mai shiru da itatuwa, sai na lura da wasu ƙananan faranta na ƙarfe a jere a bakin gaɓa. Kowanne yana fuskantar wani gida da ke ƙetaren ruwa, yana ɗauke da lambar gidan da sunayen waɗanda suka zauna a ciki, da shekarunsu, da inda aka kashe su. Mazauna titin ne da kansu suka binciko sunayen, mutum wajen 200 a wannan ɗan gajeren titi. Na karanta na wani gida: uba da uwa da yara, har da wanda bai kai shekarun shiga makaranta ba. Wannan yanki unguwar Yahudawa ce tun ƙarni na 17, kuma babban wurin ibadarsu na 1675 yana nan tsaye. A Yaƙin Duniya na Biyu 'yan Nazi sun kwashe Yahudawa kimanin 107,000 daga Holan, waɗanda suka dawo ba su wuce 5,000 da 'yan kai ba. A ƙarshen titin akwai wurin tunawa da aka buɗe a 2021, katangun jan bulo fiye da 102,000, kowane bulo da sunan mutum ɗaya.

Daga nan na zagayo ta gaban Amstelhof, dogon ginin da aka buɗe a 1683 domin kula da tsofaffin mata, wanda ya yi wannan aiki har 2007 kafin a mayar da shi gidan adana kayan tarihi. A kusurwarsa, inda Nieuwe Herengracht ke haɗuwa da Amstel, akwai wata farar gada mai ɗagawa, ƙanwar waccan a siffa, amma baƙi ba su cika tsayawa a kanta ba. Sunan Walter Süskind aka sa mata. Bayahude ne ɗan asalin Jamus da aka ɗora wa kula da rajistar mutanen da ake tarawa a wani gidan wasa, Hollandsche Schouwburg, kafin a tura su sansanoni. Yaran ana ajiye su ne a gidan reno da ke tsallaken titi. Shi da shugabar gidan renon, Henriëtte Pimentel, da shugaban kwalejin horar da malamai da ke maƙwabtaka, Johan van Hulst, suka riƙa cire sunayen yara daga rajista, ana miƙa su ta kan shinge, ana fitar da su cikin jakunkuna da kwanduna, wani lokaci a daidai sa'ad da jirgin kan titi ya gifta ya tare wa masu gadi gani. Yara kimanin 600 suka tsira ta wannan hanya. Süskind bai tsira ba, ya mutu a 1945, Pimentel ma an kashe ta a 1943. Kasancewata malami, labarin kwalejin nan ya taɓa ni ƙwarai. Wani abu kuma da kafinta ba zai manta ba shi ne, a tsananin sanyi da yunwar ƙarshen 1944 zuwa farkon 1945, mutanen gari sun riƙa shiga gidajen da aka kwashe masu su suna ɓalle ƙofofi da azara da matakala domin hura wuta, har gidaje da yawa suka rufta, dalilin da ya sa sababbin gine-gine suka fi yawa a wannan gefe fiye da yamma.

Daren da zan taho muka fita duka, har da maijego da jariri a naɗe cikin bargo. An kunna fitilun gadar, ƙwai kimanin 1,200 da aka jera a bakunanta da firam ɗinta, haskensu yana rawa a kan ruwa. Na sayi soyayyen dankali na Yuro 5 muka ci a tsaye, na yi wa yaron addu'a a tsakiyar gadar, a daidai layin da ɓarin biyu suke haɗuwa, inda ake jin ɗan motsi a tafin ƙafa idan keke ya wuce. Washegari na kamo hanya, na kwana a Legas, na iso Kano ranar Lahadi da la'asar.

Da aka koma makaranta na ajiye hoton kalandar, na buɗe wa ɗalibai zanen da na yi da awon da na ƙiyasta da taku da kamu, muka shiga ƙera ƙaramar gadar da guntayen katakon maɗaci. Mako uku muka yi. Ranar gwaji ɓari ɗaya ya ƙi tsayawa a sama, da an saki sai ya faɗo. Ina shirin kwance shi sai wani ɗalibi, ɗan manoman rani daga wajen Kura, ya ce, "Malam, a ba ni izini." Ya fita bayan aji ya ɗebo laka, ya cura, ya manna a gindin katakon sama, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan yana gwadawa da yatsa ɗaya, har ɓarin ya ɗaga ya tsaya cak a inda ya bar shi.